Albrecht Kossel: likitan da ya gano histon a jinin dinya

An haifi Albrecht Kossel a birnin Rostock na ƙasar Jamus ranar 16 ga Satumba, 1853. Ya karanta likitanci, amma bai zauna duba marasa lafiya ba. Ɗakin gwaje-gwaje ya zaɓa, inda ya samu horo a hannun Felix Hoppe-Seyler a Strasbourg, kafin ya koma Balin a 1883.

A 1884 ya ciro wani furotin daga cibiyar jajayen ƙwayoyin jinin dinya, ya raɗa masa suna histon. Daga baya ya koyar a jami'o'in Marburg da Heidelberg, kuma a 1910 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Ya rasu a Heidelberg ranar 5 ga Yuli, 1927, tun kafin a fahimci aikin da furotin ɗin yake yi.

Yau an san cewa zaren gadon halitta, wato DNA, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 2 a ƙwayar jiki guda, a kan histon yake naɗe kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi tsauri, umarnin da ke wurin ba ya karantuwa. Inda ya sassauta, sai jiki ya karanta ya aiwatar. A 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wasu ƙananan sinadarai da ke manne wa histon suna da hannu a wannan buɗewa da rufewa.

Ciwon daji na amfani da wannan dama. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da alamomi a bayanta, waɗanda dakarun garkuwar jiki ke dubawa don gane wadda ta lalace. Wasu ƙwayoyin dajin kan ƙara tsaurin naɗin a daidai inda umarnin ƙera alamomin yake, sai su wuce ba a gane su ba.

A 2006 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da vorinostat, maganin da ke sassauta naɗin, don wani nau'in dajin fararen ƙwayoyin jini da ke bayyana a fata. Masu bincike na gwada haɗa irinsa da magungunan zaburar da garkuwar jiki, da fatan ƙwayar da ta ɓuya ta sake bayyana. Tushen wannan fata shi ne abin da Kossel ya ciro daga jinin dinya.