RACHEL CARSON: MATAR DA TA YI WA KIFAYE MAGANA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa zuwa kamun kifi a tafkunanmu na Kankiya da Kusada ya san lafiyayyen kifi ba ya tsayawa a kama shi da hannu. In ka ga yana taso sama yana layi kamar mai maye, to, akwai abin da ya shiga ruwan. Ga tarihin wata mata da ta nuna wa duniya haka.

An haifi Rachel Carson ran 27 ga Mayu, 1907, a garin Springdale na Jihar Pennsylvania, ƙasar Amurka. Iyayenta ba masu hali ba ne. Da ta shiga kwaleji, Turanci ta fara karantawa, daga baya ta koma ilmin halittu. A 1932 ta sami digiri na biyu a Jami'ar Johns Hopkins, inda ta yi bincike kan yadda ƙodar wani irin tarwaɗa ke tsirowa. Mahaifinta ya rasu a 1935, nauyin gida ya dawo kanta. Sai ta kama aiki a Hukumar Kifi ta gwamnati, tana rubuta shirye-shiryen rediyo. Ta bar aikin a 1952, bayan wani littafinta kan teku ya karɓu.

A zamanin nan ana feshin maganin ƙwari mai suna DDT ba kai ba gindi. A 1954 jiragen sama suka fesa shi a dazuzzukan Kogin Miramichi na Kanada don kashe wata tsutsa. Ba a jima ba sai ga matattun kifaye a bakin kogi. Rachel ta yi shekara huɗu tana tattara rahotannin masana. Rahotannin sun nuna kafin kifi ya mutu sai iyonsa ya rikice, ya riƙa karkarwa yana haki a saman ruwa, domin gubar jijiyoyi take kamawa. A 1962 ta fitar da littafinta Silent Spring.

Kamfanonin magani suka yi mata ca, suna cewa tsorata mutane take yi. Ga shi kuma tana fama da ciwon daji. Duk da haka a 1963 ta je gaban 'yan majalisar Amurka ta ba da hujjojinta. Ta rasu ran 14 ga Afrilu, 1964. A 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki.

Yau masana kan zuba kifi cikin tukwanen gilashi biyu, ɗaya ruwa mai tsabta, ɗaya da gubar da aka auna. Sai a gwada saurin iyonsu da yawan juyinsu. Da haka ake gane ruwa ya ɓaci tun kifi bai mutu ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, abin ya shafe mu. Wasu kan wanke tankin feshi a bakin tafki, wasu ma kan zuba gamalin don kifi ya taso. A wannan ruwa shanunmu ke sha, wannan kifi ake soyawa a kai kasuwa. In mun je hutu, mu faɗa wa na gida cikin ladabi. Allah ya sa mu gane, amin.