Labarin Nana Asma'u 'Yar Shehu da 'Yan Taru

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, wannan labarin Nana Asma'u ne, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan su, da yadda ta tsayar da jama'ar matan da ake kira 'Yan Taru.

An haife ta a Degel cikin shekara ta 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana da kamar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta san yunwa da tafiyar ƙasa da tsoron maƙiya tun tana yarinya. Ta haddace Alkur'ani, ta karanci fikihu da tasawwufi a gidan mahaifinta, tana jin Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye. Aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, da ƙurar yaƙi ta lafa, sai ga abin da ya bari a ƙauyuka: zawarawa, da marayu, da kuyangin da aka kwaso daga Gobir da Kabi aka raba su gidaje. Da yawa cikinsu ba su san alwala ba. In ciwo ya kama ɗa, ko haihuwa ta yi wuya, babu inda suka sani sai gidan bori. Malamai suna wa'azi a masallaci, amma muryarsu ba ta ƙetare zaure, macen aure kuwa ba ta barin ɗakinta ta tafi Sakkwato neman sani.

Dabarar da Asma'u ta yi ita ce ta nemi waɗanda hanya ba ta yi musu wuya, wato dattawan matan da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba su isa aure ba. A kowane gari ta zaɓi mace mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji. Fatake sun san wannan suna, domin jaji shi ne mai shiga gaban ayari. Alamar naɗin malfa ce da jan ƙyalle. Malfar nan kuwa a da Inna ta Gobir ce take sa ta, ita ce uwar 'yan bori. Asma'u ba ta hana ta ba, ta ɗora ta a kan malama, har matan ƙauye suka ga girman da suka saba gani ya koma wurin mai ilimi. Wannan hikima ce da masu zafin wa'azi da yawa ba su kai gare ta ba. Aikin ya yi ƙarfi a shekarun da suka biyo bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837.

Jaji takan taho da jama'arta a ƙasa, su sauka a wurin Asma'u ɗauke da sadaka, hatsi da zuma da man shanu da zare. Ba ta tara wannan kaya don kanta, takan raba shi ga miskinai da marasa lafiya. Su kuwa sai su koma da karatu. Da yake yawancinsu ba su iya rubutu ba, sai ta zuba musu ilimin cikin waƙa, a rera wajen daka da kaɗi har ya zauna. Ta yi waƙar da ta jera sunayen surorin Alkur'ani, ta mayar da waƙar Shehu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, a kan neman waraka da ayoyin Alkur'ani.

Karatun bai tsaya a baki ba. 'Yan Taru ne masu duba mara lafiya, da wankan gawar mace, da share masallaci, da sasanta matan da suka yi faɗa. Ba su da albashi, ba su dogara da baitulmali ba. Asma'u kuma ba ta ɗauke su ƙananan mutane ba: da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Bello da Giɗaɗo.

Ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, kuma zuwan Nasara Sakkwato a 1903 bai yanke tahowar jajoji ba. Ɗanta Abdulƙadir ya yi Waziri. Daga zuriyarta ne Waziri Junaidu ya fito, wanda ya adana takardunta, har aka tattara su aka buga su littafi guda a 1997, shekarar da shi ma ya rasu.