Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: makaɗin fada da ya tashi cikin amshin mahaifinsa

Duk inda aka zauna maganar makaɗan fada a ƙasar Hausa, daga Maraɗi har Damagaram, daga Adar har Sakkwato, da wuya a tashi ba a ambaci Alhaji Musa Ɗanƙwairo ba. Amma kafin muryarsa ta shiga fadojin sarakuna da gidajen rediyo, ta fara fita ne a tsakar gidansu, cikin ƴan uwansa.

An haifi Musa a garin Bakura, cikin shekarun farko na ƙarni na 20, ya kuma girma a ƙasar Maradun, wadda a yau take cikin jihar Zamfara ta Nijeriya. Kiɗa gado ne a gidansu. Kakansa makaɗi ne, haka ma mahaifinsa Usman Ɗankwanda, wanda ya yi kiɗan noma, ya kuma yi wa Sarkin Maradun kiɗan fada.

Musa bai wuce shekara 6 zuwa 7 ba mahaifinsa ya fara fita da shi wajen kiɗa. A irin wannan gida yaro ba ya zama a koya masa waƙa kamar karatun allo. Tsayawa yake bayan uba tare da yayyensa, uba ya ja baiti, su karɓa da amshi. A nan kunne yake sabawa da faɗuwar kotso, wannan ganga mai fata ɗaya da ake kaɗawa da yatsu. A nan kuma yaro yake haddace sunayen sarakuna da iyayensu da kakanninsu, ya san kirarin kowane gida, ya san inda ake ɗaga murya da inda ladabi ya ce a sassauta.

Ko laƙabinsa daga wannan ƙuruciya ya samo asali. Cikin mutanen mahaifinsa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira da wannan suna. Da jama'a suka ji siririyar muryar yaron tana ratsa amshi kamar ta wancan, sai suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan rasuwar Ɗankwanda, jagorancin ƙungiya ya koma hannun wansa Abdu Kurna, Musa kuwa ya zama daudun kiɗa, wato mataimakinsa. Ya daɗe yana biye da wansa kafin ya ja tasa ƙungiya, kamar yadda tsarin gidan makaɗa ya tanada.

Sunansa ya game ƙasa a zamanin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi wa waƙoƙi kafin rasuwarsa a 1966. Ya kuma waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da sauran manyan masu sarauta. Abin da ya bambanta kiɗansa shi ne ƙarfin amshi: ƴan amshinsa kan karɓi magana daga bakinsa su ƙarasa ta, muryoyi suna hawa bisa juna ba tare da sun ci karo ba. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka daɗe suna rerawa tare, kuma cikinsu akwai ɗiyansa, da ya tsayar bayansa kamar yadda aka tsayar da shi.

Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1991, zuriyarsa ta ci gaba da riƙon kotso.

Rayuwar Ɗanƙwairo abin lura ce ga kowace masarauta. Kaset da rediyo sun adana muryarsa, amma ba su ne suka yi shi ba. Yawancin tarihin gidajen sarauta a bakin makaɗa yake, kuma bakin makaɗi tun yana yaro ake cika shi. Fadar da ke son a ci gaba da kiran sunayen magabatanta bayan wasu shekaru 100, sai ta riƙe gidajen makaɗanta da daraja, har ɗiyansu su ga abin alfahari ne su tsaya bayan iyayensu ranar hawan salla.

Allah ya jiƙansa da rahama, amin.