Waliyyi Ɗan Masani na Katsina (1595-1667)

An haifi Muhammadu Ɗan Masani a birnin Katsina a shekara ta 1595, amma asalin iyayensa daga Barno ne. A wancan zamani Katsina matattara ce ta malamai da fatake, mulkinta kuwa ya kai har ƙasar Maraɗi da Tasawa.

Malamin ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa da wallafa littattafai cikin Larabci. Ya yi sharhin Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, ya kuma yi sharhin Ashmawi, littafin fiƙihu. Wani littafinsa a kan ƙasar Yarbawa ya ɓace. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ambace shi cikin Infaƙul Maisuri.

Ya rasu a 1667. Kabarinsa yana unguwar Masanawa, inda jama'a suke kai ziyara. Ana lissafta shi cikin waliyyan Katsina tare da Ɗan Marina da Ɗan Takum.

Kabari ya tsira, littafi ya salwanta. Saboda haka wajibi ne malaman Tasawa da Maijirgi su kare tsofaffin takardunsu daga gara da ruwan damina.

Allah ya jiƙansa, amin.