Dakta Barau Dikko: Likitan Farko Daga Arewa

An haifi Russell Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekara ta 1912. Ya taso a hannun 'yan mishan na CMS, waɗanda Dakta Walter Miller ya jagoranta a Zariya, kafin mishan ɗin ta koma Wusasa. A wurinsu ya fara karatu. Daga nan ya wuce King's College a Legas, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila. Ya dawo gida a matsayin ɗan Arewa na farko da ya zama likitan asibiti.

Masu bi kaɗan ne a ƙasar Hausa a zamaninsa, amma bai ware kansa ba. Ya yi aikin gwamnati yana duba marasa lafiya, Musulmi da Kirista. Sa'ad da 'yan bokon Arewa suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugaba a 1949, ko da yake yawancinsu Musulmi ne. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Wutar Lantarki. Ya rasu a 1977. Asibitin koyarwa da ke Kaduna yana ɗauke da sunansa.

'Yan'uwa, a ƙauyukan Batsari da Safana rashin tsaro ya raba yara da yawa da makaranta. Kada ikkilisiya ta naɗe hannu. Irmiya 29:7 yana koya mana mu nemi alherin garin da muke zaune ciki. Mu tallafa wa karatun 'ya'yanmu, domin gobe su yi wa kowa hidima cikin sunan Almasihu.