Arthur Coningham, Baturen da ya bi hanyar alhazai ta sama har Kano

Kwanakin baya wani matashi daga cikin masu sauraronmu ya kawo mana labarin almara da ya rubuta, yana so mu karanta a gidan rediyo. Labarin ya yi daɗi, ga aljanu, ga jarumin da ya taso daga Mai Wurno zai koma Sakkwato neman takobin kakansa. To amma da ya zo kan jirgin yaƙin Turawa da ke bin sawun jarumin a shekarar 1925, sai ya ba shi jikin ƙarfe da tagogin gilashi da kujeru reras kamar jirgin alhazai. Muka nuna masa cewa aljanun nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da su, amma jirgin yana da tarihi. Binciken da muka taya shi ne ya kai mu ga mutumin da muka kawo wa mai karatu a yau.

An haifi Arthur Coningham a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya a shekarar 1895, amma a New Zealand ya girma. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga soja, zazzaɓin taifot ya kayar da shi, aka sallame shi. Bai haƙura ba, ya tafi Ingila a 1916 ya koyi tuƙin jirgin yaƙi, ya yi yaƙi a sararin Faransa har aka ji masa rauni. Bayan yaƙi aka tura shi Iraƙi. A nan kuwa ba za mu ɓoye ba, aikin jiragen Ingila a Iraƙi a wancan lokaci ya haɗa da yi wa ƙauyukan da suka ƙi miƙa wuya ruwan bama-bamai, kuma da irin jirgin da daga baya ya zo da shi ƙasar Hausa ake wannan aiki.

Sunan jirgin DH.9A. An ƙera shi ne a ƙarshen yaƙin, a 1918. Fukafukansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an tokare su da sanduna an ɗaure da wayoyi. Ƙashin jikinsa katako ne, aka lulluɓe da yadi da aka shafa wa wani irin fenti don ya yi tauri kamar fatar ganga. Mutum biyu kacal yake ɗauka, matuƙi a gaba, abokin aikinsa a baya, kowa kansa a waje yana shan iska da rana. Injinsa ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400, gudunsa kuwa bai kai kilomita 200 a awa ba. A ƙasashe masu zafi sai an ƙara masa lagireto na biyu a ƙarƙashin hancinsa, a kan kuma ɗaura masa tayar safiya a jiki. Direbobin manyan motoci da ke kai mana kaya kasuwannin kan iyaka za su gane wannan shiri ba sai an yi musu bayani ba.

Ranar 27 ga Oktoba, 1925, Coningham ya jagoranci irin waɗannan jirage guda uku daga Helwan kusa da Alƙahira. Suka biyo Nilu zuwa Hartum, suka yanki yamma ta Fashir, suka ratsa ƙasar Cadi da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. Daga nan suka ƙarasa Kaduna, suka juyo, kuma kafin watan Nuwamba ya ƙare sun koma Helwan lafiya. Wannan tafiya ita ake lissafa wa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Nijeriya.

Mu a nan abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne hanyar. Idan mai karatu ya duba, wannan ita ce hanyar gabas da kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna, wasu su yi shekaru suna noma da fatauci a hanya kafin su ga Makka. Ita ce kuma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka biyo bayan an kashe shi a Burmi a 1903, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinmu a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sannar. A shekarar da aka gama madatsar ruwan Sannar, Hausawa na shiga aikin auduga a Jazira, a shekarar ne wannan Bature ya yi tafiyar daga Masar zuwa Kano cikin kwana shida.

Amfanin tafiyar bai fito sosai ba sai bayan shekara 15. A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Hitila, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma sako jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, sannan Janaina da Fashir, garuruwan da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita, su wuce Al-Ubayyid da Hartum har Masar. An fara wannan jigila a watan Satumbar 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta. Yawanci jirgi mai inji biyu ƙirar Blenheim ne ke ja gaba, domin shi ke da mai duba taswira, ƙananan jirage irin su Hurricane su biyo shi kamar ayarin fatake da madugunsu. Shi ma Hurricane ɗin, rabin jikinsa na baya yadi ne. An kuma liƙa masa matatar iska a ƙarƙashin hanci saboda yashi, duk da haka injina da dama sai an kwance su an gyara idan sun isa. Jamusawa sun san darajar hanyar, don a watan Janairun 1942 jirginsu guda ya ratsa Sahara ya kai hari Fort Lamy ya ƙona man jirage.

Wa ke jiran waɗannan jirage a can ƙarshen hanya? Coningham ne da kansa. Daga 1941 shi ke riƙe da rundunar jiragen Ingila a hamadar Masar da Libiya, inda suke fafatawa da Rommel. An san shi da tsayawa kan cewa kada a rarraba jirage ga kowane kwamandan ƙasa, a tara su hannu guda, a fara kore jiragen abokan gaba daga sama tukuna, sannan a taimaki sojan ƙasa. Ya kafa tantinsa kusa da na shugaban sojan ƙasa don su riƙa shawara kullum. Da wannan tsari aka ci yaƙin Alamein a 1942. Sai dai tsakaninsa da Janar Montgomery ta yi tsami, domin yana ganin Janar ɗin ya kwashe yabon shi kaɗai, kuma bai iya ɓoye haushinsa ba. A 1944 shi ya jagoranci jiragen Ingila da suka rufa wa sojan ƙawance baya a Normandy ta Faransa. Ya yi ritaya a 1947.

A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga wani jirgin fasinja mai suna Star Tiger, ƙirar Avro Tudor, a matsayin fasinja. Jirgin ya tashi daga tsibiran Azores zuwa Bermuda da mutum 31. Da asubahin ranar 30 ga wata aka daina jin ɗuriyarsa. A ranar ce aka harbe Mahatma Gandhi a Indiya, don haka labarin ɓacewarsa ya zo tare da wanda ya fi shi girma a jaridu. An yi kwanaki ana neman jirgin a teku, ba a tsinci ko tarkacensa ba.