Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina

An haifi Isa Kaita a Katsina a shekarar 1912. Katsina tana arewacin Najeriya, ba nisa da Maraɗi. Mahaifinsa, Malam Haruna, shi ne Wazirin Katsina, wato babban mai ba sarki shawara.

A wancan zamani mutane da yawa suna gudun makarantar boko. Suna tsoron kada ta raba ƴaƴansu da addini. Amma shi Isa an sa shi makaranta tun yana ƙarami. Ya yi ƙoƙari har ya shiga Kwalejin Katsina, inda ake horar da malamai. A can ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Da ya gama a 1932, sai ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ya yi shekara tara yana wannan aiki.

A 1941 ana cikin yaƙin duniya na biyu. Sai aka tura shi Akara, a ƙasar da yau ake kira Gana, don ya riƙa karanta labaran yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Akwai Hausawa da yawa a wannan ƙasa. Fataucin goro ya kai kakanninsu can, suka zauna a zango, a garuruwa kamar Kumasi da Akara. Sojoji da yawa kuma da Hausa suke magana. Aikin rediyo ya koya wa Isa yi wa jama'a bayani a fili, yadda kowa zai gane.

A 1944 ya komo gida, ya zama mai taimaka wa Sarkin Katsina Usman Nagogo. A 1948 ya tafi Ingila ya karanta ilimin tafiyar da mulki. Bayan ya dawo, sai ya shiga siyasa. A 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ya zama ɗaya daga cikin na kusa da Sardauna, masu ba shi shawara. A 1954 aka naɗa shi ministan ayyuka, a 1957 kuma ministan ilimi.

Aikin da ya tarar ba ƙarami ba ne. Turawa suna shirin tafiya, ga shi kuwa Arewa ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da malamai. Kudancin ƙasar ya yi mata nisa wajen karatun boko. In ba a yi sauri ba, za a sami ƴanci amma babu ƴan ƙasa da za su riƙe ayyuka.

Isa Kaita ya san ba a yin makaranta sai da malami, domin shi ma malami ne. A zamaninsa an ƙara makarantun firamare da na sakandare, an buɗe kwalejojin horar da malamai, an kuma tura ɗalibai ƙasashen waje. A 1960, shekarar da Najeriya da Nijar suka sami ƴanci, aka buɗe wata kwaleji a Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ita ce jami'a ta farko a duk Arewa.

Ya riƙe wannan muƙami har watan Janairu na 1966, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnati, aka kashe Sardauna. Isa Kaita ya gaji sarautar mahaifinsa ta Wazirin Katsina. Ya rasu a Kaduna a 1994. Akwai kwalejin horar da malamai a Dutsin Ma da take ɗauke da sunansa.

Tambayoyi
1. A wane gari aka haifi Isa Kaita?
2. Me ya sa iyaye suke gudun makarantar boko a da?
3. Wane aiki ya yi a Akara?
4. Me ya kai Hausawa Kumasi?
5. Me zai sami ƙasar da ba ta da isassun malamai?